Tiren yankan gicciye na injin zarto: abin da za ka saya a Katsina da abin da za ka bari a shago

Injin zarto na tebur gwani ne wajen tsaga katako a tsawonsa. Inda yake ba da kunya shi ne in aka ce a gicciye falanki a datse bakinsa daidai kusurwa 90. A nan ne za ka ga yaron shago ya riƙe katako da hannu biyu yana tura shi babu madogara, ko ya jingina gajeren guntu da shingen tsaga, wato shingen da ke gefen zarto wanda katako ke bi in ana tsaga shi, ya cusa. Guntun yana ɗan karkacewa tsakanin zarto da shinge sai haƙoran baya su ɗauke shi su jefo shi kan ƙirjin mai turawa, wani lokacin su ja hannun tare. Maganin wannan shi ne tiren yankan gicciye: faffaɗan allo mai sanduna biyu a ƙarƙashinsa da ke gudu a cikin ramukan nan biyu na saman tebur, da madogara a gefen da kake tsaye, da gada a ɗaya gefen da ke riƙe allon bayan zarto ya raba shi biyu. Katakon yana kwance a kan tiren bai motsa ba, tiren ne ke tafiya da shi.

Hanyoyi biyar ne a gaban mai son yankan gicciye mai kyau, huɗu daga ciki ba za su ci mana lokaci ba. Ƙaramin ma'aunin kusurwa da ke zuwa a kwalin injin sanda ɗaya gare shi, fuskarsa ba ta fi tafin hannu ba, kuma rawa yake yi a rami. Tiren da aka ƙera a waje, irin na Incra ko Rockler na Amurka, kaya ne masu kyau, sai dai da dala ake sayensu, kuma an yi su ne don ramin da faɗinsa milimita 19, zurfinsa 9.5, wanda ba kowane inji na nan ke da shi ba. Injin datsa mai saukowa daga sama ya dace da firam da katakon rufi, amma ko mai zamewa bai cika wuce faɗin santimita 30 ba, gefen wadrob kuwa ya fi haka. Na ƙarfe da mai walda zai haɗa maka, zafin walda kan murɗe shi tun kafin ya huce, kuma ranar da haƙorin zarto ya taɓa ƙarfe, tsalle zai yi ya nufo fuskarka. Saura na biyar, wanda za ka haɗa da hannunka da filawud, kuma shi nake ba kowane kafinta shawara a kai, daga mai babban shago har ɗan koyo.

Kafin ka kashe ko kwabo, duba injin naka. Cire filogi daga wuta tukuna, domin wutar nan tana dawowa ba sallama, kuma injin da aka bari a kunne tashi yake yi da kansa. Ɗaga zarton har ƙarshe, sa wa haƙori ɗaya alama da alli, auna daga shi zuwa bakin rami ta gaba, sannan ka juya wannan haƙorin zuwa baya ka sake aunawa. Bambancin kada ya wuce kaurin takardar rubutu, wato kusan milimita 0.1. In ya wuce, tire ba zai gyara maka komai ba: zai riƙa ƙona gefen katako yana barin sawun haƙora, sai an sassauta notikan da ke riƙe tebur ko mazaunin zarton an daidaita. Girgiza zarton da hannu kuma. In yana lilo, boris ne ya ci ko shaf, wato sandar da zarton ke juyawa a kai, ya lanƙwashe. Sannan auna ramukan. Ƙananan injuna masu araha da yawa raminsu milimita 16 ne ko kusa da haka, wasu ma da ɗan leɓe a ciki. Injunan da ake haɗawa a gida da faranti da mota da bel, galibi ba su da rami ko ɗaya. Mai irin wannan ya shimfiɗa sabon saman tebur da filawud na milimita 18 gida uku, ya bar tazarar milimita 19 a tsakaninsu ta zama rami. Wannan ya fi dogaro da gefen faranti, domin da wuya ka sami gefen biyu sun tafi daidai da juna da kuma zarton.

Yanzu allon ƙasa. Zaɓina filawud ne mai kyau na milimita 12, wanda 'yan katako ke kira rabin inci, kuma ga dalili. Zarto mai inci 10, wato milimita 254, abin da yake fitowa sama da tebur bai cika wuce milimita 80 ba. Duk kaurin da ka ba allon ƙasa daga cikin wannan za a cire. Da na 12 kana da sauran kusan 68, ya isa ya datse katakon inci 2 cikin sauƙi. Da na 18 ka rage wa kanka, ka kuma ƙara nauyin da za ka riƙa ɗagawa sau ashirin a wuni. Mai ƙaramin inji na zarto milimita 210 kuwa ba shi da zaɓi ma, 12 ɗin ne. Filawud yana riƙe sukuru da kyau, kuma da yake an gicciya kowane falle a kan ɗan'uwansa, ba ya faɗaɗa ko tsukewa yadda katakon itace ke yi. Faɗin santimita 90 da zurfin 60 ya wadatar da yawancin aikin kabad da gado da ƙofa. Wanda ke yanka gefen wadrob kullum ya ƙara zurfin zuwa 75, ya san dai nauyi zai ƙaru.

MDF, allon da ake matsewa daga lallausan garin katako da gam, shimfiɗaɗɗe ne sumul ranar da ka saye shi, amma yayyafi ɗaya na watan Agusta ta ɓular kwano ya ishe shi ya kumbura, kuma sukuru ba ya zama a gefensa. Allon dusar katako da aka matse, wanda ake yi wa farar fuska, wargajewa yake yi a bakin yanka. Allon da tsakiyarsa jeren guntayen katako ne yana da ramuka a inda ba ka zata ba. Baƙin allon nan mai sheƙi na zuba kankare, wanda ake kira marin bod, santsinsa na sa katakon da kake yankawa ya zame, gam kuma ba ya kama fuskarsa.

To amma ambaton filawud mai kyau da baki abu ne mai sauƙi, samunsa ne aiki, kuma a nan ne ake cutar mutane fiye da ko'ina. Cuta ta farko ta kauri ce. A ce maka 12 ne, ka ɗora awo ka ga 10 ko 10.5, a ce 18, ka ga 15 ko 16. In ka yi magana a ce ai haka kamfani ke yinsa yanzu. Kada ka je 'yan katako ba tare da baniya a aljihu ba, wannan ma'aunin kaurin da makanikai da masu injin tona na sassaƙa ƙarfe ke amfani da shi; tef ba ya nuna rabin milimita. Ka ce, "Alhaji, a yi mini afuwa in ɗora awo kafin a ɗaure." Mai kaya na gaskiya ba ya jin haushin wannan, shi ma zai miƙo maka falanki. Wanda ya ɓata rai ya ce ana ɓata masa lokaci, ya riga ya gaya maka abin da ke cikin kayansa. Kuma ka auna wurare huɗu a falanki ɗaya, domin akwai wanda gefe guda 12 ne, ɗaya gefen 11.

Cuta ta biyu tana ciki. Durƙusa ka dubi gefen falankin a hasken rana, ka ƙirga fallayen. Na 12 mai kyau yana da 7 ko 9, kaurinsu ɗaya, sun tafi a miƙe kamar layin littafi. Don kwatanci, filawud ɗin yankin Baltik da kafintocin Turai da Amurka ke so wajen irin wannan aiki yana da falle 9 a milimita 12, da 13 a milimita 18. Na banza za ka ga 5, na tsakiya mai kauri da laushi har farce na shiga, ga baƙaƙen ramuka nan da can, ga inda falle ya hau kan falle ya yi tudu. Fuskar kuma siririya ce kamar takardar siga, ja mai kyau, an manna ta ne don ido kawai; samfefa sau biyu ta ɓule. Bi tsakiyar falankin kana ƙwanƙwasawa da bayan yatsa: inda sautin ya canja ya zama kamar na ƙwarya, iska ce a ciki. Irin wannan ramin in ya faɗo daidai inda sukurun madogara zai shiga, duk daidaitawar da za ka yi a banza take. Wasu ma sukan shafe gefen da fenti ko su cike ramukan da ƙullin dusa da gam don kada a gani. Gefen da aka yi wa fenti, nemi a ɗan fere maka shi da wuƙa.

Cuta ta uku ta hatimi ce. Filawud na ruwa na ainihi yana da ƙa'idar Ingila mai lamba BS 1088, amma buga wannan lamba a jikin allo bai fi ƙarfin kowa ba, tawada ce kawai. Gwajin da ba ya ƙarya shi ne ka karɓi ɗan guntu, ka jiƙa shi a ruwa ya kwana, ko ka tafasa shi na awa ɗaya. In fallayen sun buɗe kamar littafin da ruwa ya doka, gam ɗin ba na ruwa ba ne. Tire ba ya buƙatar na ruwa lallai, amma bai kamata ka biya kuɗin na ruwa a ba ka na gama-gari ba. Sai kuma lanƙwasa: kada ka ɗauki falankin da ke saman tari ko wanda aka jingine a bango rana na dukansa, a zaro maka na tsakiya. Tsayar da shi a gefensa, rufe ido ɗaya ka hango tsawonsa. In abin da kake nema bai samu a Katsina ba, Na'ibawa 'yan katako da Ƙofar Ruwa a Kano sun fi yawan zaɓi, sai dai cutar ma can ta fi gwaninta, don haka ka je da kanka ko ka tura wanda ya san awo, kada ka yi oda ta waya a ɗoro maka a mota. Ba ka buƙatar cikakken falanki mai ƙafa 4 da 8. Rabi ya ishe ka, kuma masu yin kabad sukan sami ragowar mai kyau da za su sayar.

Sandunan ƙarƙashi su ne zuciyar tiren, kuma yanayin garin nan ne ya kamata ya zaɓa maka su. Katako yana shan danshi yana saki. Tsakanin hunturun Janairu, lokacin da leɓe ke tsagewa, da tsakiyar damina, katako na iya canja faɗi da kashi 1 zuwa 2 cikin 100. A sandar milimita 19 wannan ya kai 0.2 zuwa 0.4, abin da ido ba zai gani ba amma hannu zai ji. Sandar da aka yi daidai a watan Agusta, kafin Janairu za ka kama tiren ka girgiza ka ji ƙwas-ƙwas, kusurwa ta tafi. Wadda aka yi daidai a Janairu kuwa, ruwa na sauka za ta cije a rami sai an dake ta. Wanda ya dage sai katako, ya nemi loko ko maɗaci busasshe sosai, ya yanke shi yadda layukan shekarun itacen za su tsaya a tsaye in ka kalli bakin sandar, domin motsi ta wannan fuskar kusan rabin na ɗayar ne. Malaina da farin katako mai laushi cinyewa suke yi cikin 'yan watanni. Sandar ƙarfe tsatsa take yi, kuma da wuya ta zo daidai da rami. Ta alminiyam mai ƙananan sukurun daidaitawa tana da kyau in ka same ta, kuma in raminka 19 ne.

Abin da na fi yarda da shi shi ne farar roba mai kauri, irin ta allon yanka nama da albasa na masu abinci. Ruwa ba ya shigarta, gara ba ta cinta, tana zamewa a kan ƙarfe ba tare da mai ba, kuma zarton da kake da shi zai yanke ta. Zafi yana ɗan faɗaɗa ta, amma a faɗin milimita 19 bai wuce rabin kaurin takarda ba tsakanin sanyin asuba da zafin azahar, don haka ka yi gwajin shigarta da rana tsaka, shi ke nan. Nemi allo mai nauyi, cikakke har ciki, mai kaurin milimita 10 ko fiye, wanda in ka fere gefensa da wuƙa zai fito da zare mai laushi kamar kyandir. Akwai na bogi masu iska a ciki da masu ƙarfi kamar tangaran da ke tsagewa, akwai kuma waɗanda rana ta riga ta lanƙwasa a gaban shago. Ɗora shi a kan gilashi ko tayil ka gani ko ya kwanta. Tsaga shi faɗin raminka, ka rage kaurin zuwa 8 ko 8.5 don kada ya taɓa ƙasan rami inda dusa ke taruwa. In allon gajere ne, guntu biyu a jere cikin rami ɗaya suna aiki. Abu biyu za ka kiyaye: gam ba ya kama wannan robar, sukuru ne ke riƙe ta, kuma in ka ɗaure sukurun da ƙarfi robar za ta kumbura ta gefe ta cije. Huda ramin sukuru tukuna, ka faɗaɗa bakinsa don kan ya nutse, ka ɗaure da hannu, tazarar santimita 12 zuwa 15.

Wajen ɗorawa, zuba washa ko tsabar kuɗi a cikin ramukan don sandunan su ɗan fito sama da tebur, manna musu salatif mai fuska biyu, saukar da zarto ƙasa gaba ɗaya, ka ɗora allon ka danna. Ɗaga a hankali, juya, sa sukuru. In yana cijewa, shafa fensir a gefen sandunan ka tura sau biyar. Inda fensirin ya goge nan ne za ka kankare. Kyandir za ka goga a ƙasan allon da saman tebur. Baƙin mai ko giris suna tara dusa kuma suna ɓata katakon da za a yi wa fenti.

Madogara kuma kada ka yi ta da katakon itace guda ɗaya, ko da loko ne. Hunturu zai murɗe ta. Manna filawud na 18 guda biyu ko uku fuska da fuska, ka matse su a kan tebur mai shimfiɗaɗɗiyar fuska su kwana, ka fitar da tsayin santimita 9 zuwa 10. Gam fari na katako ya isa, amma duba shi ma: wanda aka tsinka da ruwa yana zuba kamar kunu, mai kyau yana riƙe sanda. Fere ƙasan fuskar madogarar kaɗan, kamar milimita 2, don dusa ta sami wurin shiga, in ba haka ba ita ce za ta tokare katako ta ɓata kusurwa. Gadar gaba ba ta buƙatar daidaito, tsayi take buƙata: ta fi iyakar fitowar zarto da santimita 4 aƙalla. A bayan madogara, daidai inda zarto ke ɓullowa, manna dunƙulen katako mai kauri da zai haɗiye shi, ka shafa masa jan fenti. Wannan wurin ne babban yatsa ke zuwa ya zauna ba da sanin mai shi ba. Kuma kada sukuru ko ɗaya ya kusanci layin yanka da ƙasa da santimita 3.

Sukwayar da za ka daidaita da ita, wato ma'aunin kusurwa 90, ita ma abin tuhuma ce. Masu araha da yawa ba 90 ba ne tun daga kwali, wasu an buga musu sunan manyan kamfanoni da ba su san da su ba. Gwada ta a shagon: jingina ta da gefen allo miƙaƙƙe ka ja layi, kifa ta ɗaya gefen ka sake ja daga wuri ɗaya. In layukan sun rabu, rabin wannan tazarar ita ce ƙaryar sukwayar. Haka zarto: na gicciye haƙora 60 zuwa 80 yake so a inci 10, na tsaga mai 24 yayyaga filawud zai yi. Duba ramin tsakiya, akwai na milimita 30, na 25.4 da na 15.88, kuma zoben cike gibin da bai zauna daram ba lilo yake kawowa. Na jabu ana gane shi da ƙananan haƙora marasa kauri, walda mai dunƙule a gindinsu, da rubutun da farce ke gogewa.

Daidaitawar ƙarshe ba ta dogara da sukwaya ba. Ɗaure madogarar da sukuru biyu kacal, ɗaya a kowane ƙarshe, ba gam. Sai ka yi gwajin yanka biyar, wanda wani malamin kafinta a Amurka, William Ng, ya yaɗa. Ɗauki allo mai kamar santimita 30 kowane gefe. Yanke gefe ɗaya, juya shi yadda sabon yankan zai jingina da madogara, yanke na gaba, haka har huɗu. A na biyar, fitar da siririn guntu mai faɗin kamar santimita 1 daga gefen farko, ka auna kansa da gindinsa da baniya. A ce kai 10.4 ne, gindi 10.0. Bambancin 0.4 ya taru ne daga kusurwa huɗu, ka raba shi huɗu, ya zama 0.1 a tsawon santimita 30. In tazarar sukurun biyu na madogara santimita 75 ce, ninki biyu da rabi ke nan, za ka matsar da ƙarshe ɗaya da milimita 0.25. Matse ɗan katako mai tsini a jikin allon yana taɓa madogarar, cire sukurun wannan gefen, sa fila gej, siraran ƙarafan auna tazara na makanikai, ko takarda falle biyu zuwa uku a tsakani, ka huda sabon rami. Tsohon ramin zai mayar da ita inda take. Sake gwajin. In bambancin ya ƙaru, ta ɗaya gefen ya kamata ka matsa. Da ya sauka ƙasa da 0.1 a guntun na biyar, sa sauran sukurun guda huɗu ko biyar.

In kana yanka guntaye masu tsawo ɗaya, matse ɗan katakon tsayawa a jikin madogarar tiren, kada ka yi amfani da shingen tsaga a matsayin ma'auni. Ka ture shi can nesa. Huda rami a kusurwar allon ka rataye tiren a bango cikin inuwa, nesa da ƙasa da inda kwano ke ɗiga, kuma ka maimaita yanka biyar sau biyu a shekara, farkon damina da farkon hunturu.